Yadda za ka gano harsashin da bindigarka ta iska ta fi so

Mutum zai sayi bindigar iska mai kyau, ya ɗora mata madubin saiti, sannan idan aka zo ga harsashi sai ya ɗauki duk gwangwanin da hannunsa ya fara kaiwa. Da harbi ya warwatse a kan takarda, laifin ya koma kan bindigar, ko madubin, ko rawar hannu. Sau da yawa duk ukun lafiyarsu ƙalau, harsashin ne bai dace da bututun ba. Bindigogi biyu masu suna ɗaya, daga kamfani ɗaya, suna iya shan bamban a kan harsashin da kowacce take harbawa daidai, domin babu bututu biyu da cikinsu ya zo ɗaya sak. Shi ya sa babu wanda zai iya faɗa maka daga nesa cewa ga harsashinka. Abin da za a iya yi shi ne a rage maka zaɓi zuwa huɗu ko biyar, sannan a nuna maka yadda za ka sa bindigar ta fitar da nata da kanta.

Mataki na farko: faɗin bututu da aikin da za ka yi

Faɗin bututu yana rubuce a jikin bindiga, kuma ba ka da zaɓi a kansa idan ka riga ka saya. Waɗanda suka fi yawa su ne milimita 4.5 da ake rubutawa .177, da milimita 5.5 da ake rubutawa .22. Akwai milimita 5 (.20) da ba a cika samu ba, da milimita 6.35 (.25) na manyan bindigogi.

Idan ba ka saya ba tukuna, ga lissafin da zai taimake ka. Ɗauki bindigogi biyu masu ƙarfi ɗaya, kusan jul 16 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin harbi). Ta .177 za ta jefa harsashi mai nauyin giram 0.547 da gudun kusan mita 240 a daƙiƙa. Ta .22 za ta jefa mai giram 1.03 da gudun kusan mita 175. Ƙarfin fitarsu ɗaya ne, amma na biyun ya fi daɗewa a hanya, don haka a nisan mita 30 faɗuwarsa ƙasa ta kusa ninka ta na farkon. Mai .22 dole ya iya kimanta nisa sosai, domin kuskuren mita biyar zai sa ya harba sama ko ƙasa da inda ya nufa. Mai .177 hanyarsa ta fi miƙewa, amma ramin da yake yi ƙarami ne. Wannan ne dalilin da ya sa masu gasa suka fi karkata ga .177, mafarauta da yawa kuma ga .22, musamman idan bindigar tana da ƙarfin da zai tura harsashin da sauri.

Mataki na biyu: siffar kai

Kusan duk harsasan bindigar iska ƙirarsu ɗaya ce, wadda ake kira diyabolo: kai mai nauyi a gaba, ƙugu matsattse a tsakiya, da siket mai rami a baya, kamar kalangu. Wannan ƙira tana da aiki. Lokacin da iska ta bugo daga baya, siket ɗin yana buɗewa ya toshe bututun don kada iskar ta sulale ta gefe. Bayan harsashin ya fita, nauyin da ke gaba da jan iskar da siket ɗin yake yi a baya su suke hana shi juyewa, tare da murɗawar da tsagin cikin bututu ya ba shi. Inda suka bambanta shi ne kai.

Mai shimfiɗaɗɗen kai an yi shi ne don takarda. Yana yanke rami zagayayye tsaf, yadda alƙali zai iya auna maki ba gardama. Shi ake harbawa a gasar mita 10 da ta shiga wasannin Olamfik a 1984, inda ɗigon maki goma faɗinsa rabin milimita ne kacal. RWS R10 Match da H&N Finale Match duk wannan iri ne. Sai dai shimfiɗaɗɗen kai yana karo da iska sosai, gudunsa yana raguwa da wuri, kuma da an wuce mita 20 zuwa 25 sai ka ga ramuka sun fara buɗewa. Yana da amfani ga ɓera a kusa, domin yana dukan jiki da faɗinsa, amma kada ka nema masa aikin nesa.

Mai zagayayyen kai shi ne wanda zan ce kowa ya fara da shi. Ya fi sauran ratsa iska, ya fi riƙe gudu da ƙarfi a nesa, kuma iskar gefe ba ta kaɗa shi kamar yadda take kaɗa mai shimfiɗaɗɗen kai. Masu gasar harbin fili, wadda ta faro a Ingila a farkon shekarun 1980, suna harbin ramukan da faɗinsu yake tsakanin milimita 15 da 40 a nisan da ke kaiwa mita 50, kuma kusan dukkansu zagayayyen kai suke amfani da shi. Abin da ya ci waɗannan ramuka zai ci kan zomo. JSB Exact na ƙasar Cek, da H&N Field Target Trophy da RWS Superdome na Jamus, da Crosman Premier na Amurka, duk suna cikin wannan rukuni.

Mai tsini yana ɗaukar ido, kuma sabon shiga yakan ɗauka shi ya fi kisa. A gaskiya ina ganin shi ne ya fi yaudarar mutane. Yana da wuya a ƙera tsinin ya zauna daidai tsakiya a kowane harsashi, kuma tsinin yana lanƙwashewa tun a cikin gwangwani. Tsini da ya karkace ko da ɗan kaɗan ne zai ja harsashin gefe. Zurfin huda da ake yaba masa ma ba shi ne matsalar mai farautar ƙananan dabbobi ba, domin zagayayyen kai yana huda su isasshe.

Mai rami a kai an yi shi don ya baje idan ya shiga jiki, ya zuba ƙarfinsa a ciki maimakon ya fita ta baya. Yana yin haka ne kawai idan ya isa da gudu mai yawa. A bindiga mai matsakaicin ƙarfi, a nisan mita 30, sau da yawa ba ya bajewa ko kaɗan, ga shi kuma bai kai zagayayye iya tafiya ba. Wurinsa shi ne harbi na kusa, a inda ba ka son harsashi ya zarce ya lalata abin da ke baya.

Akwai kuma dogayen harsasai marasa ƙugu, masu kama da na bindigar albarushi. Waɗannan na manyan bindigogin tanki ne, wato waɗanda ake cika wa matsattsiyar iska a tanki, masu bututun da aka yi dominsu, kuma suna tafiya nesa ƙwarai, abin da ke ƙara haɗarinsu. Mai bindigar sifirin, wato wadda murɗaɗɗen ƙarfe ke matsa mata iska, ya manta da su.

Mataki na uku: daidaita nauyi da ƙarfin bindiga

Ana rubuta nauyi a kan gwangwani da giren ko da giram. Giren ɗaya daidai yake da giram 0.0648. A .177 matsakaicin nauyi yana kusa da giren 8 zuwa 8.6: JSB Exact 8.44 ne, Field Target Trophy 8.64. Masu nauyi sun haura 10, kamar JSB Exact Heavy mai 10.34 da H&N Baracuda Match mai 10.65. A .22 matsakaici yana tsakanin 14 da 16, inda Crosman Premier yake 14.3, JSB Exact Jumbo kuma 15.89, nau'insa mai nauyi kuwa 18.13.

Babban tarkon da ke nan shi ne gudu. Kamfanoni suna son buga babbar lamba a kan kwali, ƙafa 1,200 a daƙiƙa ko fiye, kuma yawanci da harsashi maras nauyi na haɗin ƙarfe suke samun wannan lamba. Gudun sauti kusan mita 343 ne a daƙiƙa, wato kusan ƙafa 1,125. Ƙirar diyabolo ba ta jure wa wannan yanki. Da harsashi ya kusanci gudun sauti, iskar da ke kewaye da shi takan hargitse, jan iska ya ƙaru, ya fara rawa, ga kuma ƙara mai tsanani da za ta kori duk abin da ke kusa. Masu harbi da yawa suna ajiye gudu a ƙasa da kusan mita 280 a daƙiƙa. To idan bindigarka mai ƙarfi ce, ba ta harsashi mai nauyi don ya sauko da gudun. Idan kuma mai rauni ce, harsashi mai nauyi zai sa hanyar ta lanƙwashe har saiti ya yi wuya.

Irin bindigar ma yana da magana. Wadda ake karyawa ko ake ja wa hannu don matse sifirin tana buƙatar harsashi ya ɗan tsaya ya riƙe iska, domin matashin iskar nan shi ke tare fistin, wato ƙarfen da sifirin ke turawa ya matsa iska, kafin ya daki ƙarshen ɗakinsa. Harsashi maras nauyi sosai yana ficewa da wuri, fistin ya buga da ƙarfi, kuma a hankali sifirin da robar fistin su lalace. Saboda wannan dalilin ne ake hana harba irin wannan bindiga babu harsashi a ciki. Mai nauyi fiye da kima shi ma yana sa fistin ya yi tsalle baya, harbin ya yi kaushi. Matsakaici shi ya fi mata. Bindigar tanki, wadda ake kira PCP, ta fi sakewa da masu nauyi, kuma yawanci ƙarfinta yana ƙaruwa da su, domin harsashin ya fi daɗewa a bututu iska tana tura shi.

Wannan na ƙarshe yana da nasaba da doka. A Ingila, bindigar iska da ta wuce jul 16 da ɗan kai tana buƙatar lasisin makami, a Jamus kuwa iyakar jul 7.5 ce. Bindigar tanki da take ƙasa da iyaka da harsashi maras nauyi tana iya haurawa da mai nauyi. Lissafin ba wuya: nauyi da kilogiram, a ninka da gudu na mita a daƙiƙa, a sake ninkawa da gudun, a raba biyu, abin da ya fita shi ne jul. Ka san dokar inda kake, ka kuma auna da na'urar auna gudu idan kana iya samu.

Mataki na huɗu: ƙananan lambobin da ke ƙarƙashin gwangwani

Juya gwangwanin kamfanoni irin su JSB da H&N, sau da yawa za ka ga takarda mai lamba kamar 4.50, 4.51 ko 4.52, ko 5.51, 5.52, 5.53. Faɗin kan harsashin ke nan. Bambancin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita yana iya canja yadda kai yake kama tsagin bututu, musamman a bututun da aka ɗan matse bakinsa. Kana iya jin wannan da yatsa: harsashin da ya faɗa cikin bututu da kansa ya yi sako-sako, wanda sai ka danna da ƙarfi har siket ya lotse ya matse da yawa. Wanda kake nema shi ne mai shiga da ɗan turjiya iri ɗaya kowane lokaci.

A kan takardar akwai lambar zubi, wadda ke nuna lokacin da aka buga su. Rubuta ta. Za ka buƙace ta nan gaba.

Mataki na biyar: gwajin kansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin gaggawa. Samo iri huɗu zuwa shida, mafi yawansu masu zagayayyen kai, da nauyin da ya dace da bindigarka. Wasu kamfanoni suna sayar da fakitin gwaji mai iri daban-daban a ciki, wanda zai rage maka tara gwangwanayen da ba za ka ƙara buɗewa ba.

Kafin ka harba ko ɗaya, bi duk kusoshin bindigar ka ɗaure: na ƙota da na mazaunin madubi. Bindigar sifirin tana kwance kusoshinta da girgiza, kuma kusa ɗaya da ta saki za ta sa ka yi wa harsashi mai kyau mummunan hukunci. Idan bututun ya daɗe ba a goge ba, ja tsumma mai tsabta ta cikinsa daga baya zuwa baki, ba tare da ka goga wani abu mai kaifi a bakin bututun ba.

Zaɓi lokacin da iska ta kwanta, yawanci da sassafe ko gab da faɗuwar rana. Tabbatar bayan takardar akwai abin da zai tare harsashi, tudun ƙasa ko akwatin da aka cika da tsummoki, kuma babu mutum ko dabba da za su gitta. Nisa ya zama wanda za ka yi aiki da shi: mita 10 ga mai gasar cikin ɗaki, mita 25 zuwa 30 ga mai farauta. Gwaji a mita 10 ba ya gaya wa mafarauci komai, domin a wannan nisa kusan kowane harsashi yana yin kyau. Bambancin yana fitowa ne can gaba.

Zauna a kan teburi mai ƙarfi. Bindigar tanki ka ɗora ta a kan jakar yashi, ka cika tankin, ka kuma yi duk gwajin a cikin matsin iska ɗaya, domin gudu yana canjawa yayin da tanki ke raguwa. Bindigar sifirin kuwa kada ta taɓa abu mai tauri. Ɗora bayan hannunka a kan jakar, ka kwantar da bindigar a tafinka a buɗe, a wuri ɗaya kowane harbi, ka bar ta ta motsa yadda take so. Tana fara motsi tun harsashi bai bar bututu ba, saboda haka duk canjin riƙo zai fito a takarda.

Duk lokacin da ka canja iri, fara da harba goma sha biyar zuwa ashirin a gefe ba tare da ka ƙirga su ba. Kowane kamfani da haɗin dalmarsa, wani mai laushi wani mai tauri, kuma bututu yana buƙatar ya shafu da sabuwar dalmar kafin ya nuna gaskiyarsa. Wanda ya tsallake wannan yana auna ragowar harsashin baya ne.

Sannan ka harba goma a ɗigo ɗaya. Ba uku ba. Harbi uku suna iya haɗuwa da sa'a, biyar ma suna iya ruɗinka, amma goma ba sa ɓoye hali. Kada ka taɓa saitin madubi a tsakanin gwaji, ko da gungun ramukan ya sauka can gefe. A yanzu ba tsakiya kake nema ba, haɗuwar ramukan kake nema. Yi gungu uku ga kowane iri, ka rubuta suna da nauyi da faɗin kai a jikin takardar nan take.

Wajen awo, nemi ramuka biyu da suka fi nisa da juna, ka auna daga gefen waje na ɗaya zuwa gefen waje na ɗayan, ka cire faɗin harsashi. Abin da ya rage shi ne girman gungu daga tsakiya zuwa tsakiya. Idan ɗaya ya fita daga sahu, kada ka cire shi daga lissafi sai idan ka tabbata tun kafin ka duba cewa kai ka fizgi kunama. Harsashin da ke haɗa tara a rami ɗaya ya jefa na goma nesa bai kai wanda ke haɗa goman a ɗan faɗi ba, domin a daji ba ka san wanne ne na goman ba.

Siffar gungu ma tana magana. Idan ya miƙe daga sama zuwa ƙasa, ka zargi bambancin gudu ko riƙo. Idan ya miƙe daga hagu zuwa dama, yawanci iska ce. Idan ramukan sun fito a karkace maimakon zagaye, harsashin yana rawa a hanya, ka ajiye shi. Ɗauki biyun da suka fi kyau ka sake gwada su a wata rana, a nisa mafi tsawo. Wanda ya ci sau biyu shi ne naka. Sai a lokacin za ka daidaita madubi a kansa.

Mataki na shida: ga mai farauta

Bindigar iska ba ta da ƙarfin da zai rufe kuskure. Inda harsashi ya sauka shi ne komai. A zomo ko kurege, wurin da ke kashewa nan take a kai bai wuce santimita biyu da rabi ba, a kurciya ko tantabara ma haka. Don haka zana da'ira mai wannan faɗi, ka harbe ta a mita 15, da 20, da 25, da 30, kana zaune ko a durƙushe yadda za ka yi a daji, ba a kan teburi ba. Nisan ƙarshe da kake sa duk harbinka a cikin da'irar shi ne iyakarka. Abin da ya wuce nan ka bar shi ya tafi. Dabbar da aka raunata ta gudu ta mutu a rami bayan kwana biyu hakki ne a wuyan wanda ya harba, kuma babu siffar harsashin da za ta ɗauke masa shi.

A wannan atisaye ka rubuta yadda harsashin ke hawa da sauka a kowane nisa, ka manna a jikin ƙota. Kada ka yi atisaye da iri ɗaya ka fita farauta da wani, domin ko nauyinsu ɗaya ba wuri ɗaya suke sauka ba. Ka tabbatar kuma dabbar tana cikin waɗanda doka ta yarda a harba, kana kuma da izinin mai wurin.

A wasu wurare ana buƙatar harsashin da ba dalma ba, na kuza ko tutiya. Waɗannan ba su kai dalma nauyi ba, sun fi ta tauri, don haka sun fi gudu kuma sun fi dawowa idan sun daki abu mai ƙarfi. Suna buƙatar nasu gwajin daga farko.

Kula da harsashi bayan ka same shi

Dalma tana da laushi, siket kuma siriri ne. Gwangwani ɗaya da ya faɗi ƙasa yana iya lotsa da yawa a ciki. Duba siket kafin ka sa, wanda ya lanƙwashe ka ware shi. Idan za ka fita, zuba abin da kake buƙata a ƙaramar jaka mai laushi a ciki maimakon ka bar su suna karo da juna a aljihu. Wanda ka riga ka harba ko ka tsinta a ƙasa kada ya koma bututu.

Masu gasa suna wanke harsasai don cire ɓurɓushin dalma, su auna kowanne a sikeli, su tantance faɗin kai ɗaya bayan ɗaya. Ga mai harbin mita 50 da ke neman maki wannan yana da riba. Ga mai farauta a mita 25 da harsashi mai inganci, duba siket ya wadatar. Wasu kuma suna shafa musu mai na musamman, amma a bindigar sifirin kada man fetur ko danginsa ya kusanci bututu, domin zafin matsin iska yana kunna shi ya fashe a ciki, ya ƙone robar fistin.

Dalma guba ce da ke taruwa a jiki, kuma ta fi yi wa yara illa. Kada ka riƙe harsashi a baki yayin da kake sa wani, ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ka kuma yanke naman da ke kewaye da inda harsashi ya bi.

Idan gwaji ya fitar maka da gwani, koma ga lambar zubin da ka rubuta, ka sayi gwangwanaye da yawa masu wannan lamba gwargwadon ikonka, ka ajiye su a rufe a busasshen wuri. Mazubin da ake buga harsasai yana cinyewa ana sauya shi, don haka suna ɗaya da nauyi ɗaya na iya zuwa da wani hali a shekara mai zuwa. Duk ranar da ka buɗe sabon zubi, harba gungu biyu na goma-goma a nisan da ka saba, ka gwada da tsohuwar takardarka kafin ka fita da shi.